Ɗaki Marar Ƙofa a Shafi na Goma Sha Tara

Tarihin binciken ƙasa yana da manyan ranakunsa, kuma na shekara da shekaru ina koyar da su a gaban allo: ranar da wane ya ƙetare teku, ranar da wane ya gano mafarin wani kogi da matan wurin suka daɗe suna wanki a cikinsa. Amma in an bar ni da gaskiyata, babu ranar da ta kai wata Alhamis ta farkon watan Afirilun 1995, wajen ƙarfe uku na rana, a falon gidan Majo da ke unguwarmu a Tawa, lokacin da aka warware matsalar ɗaki marar ƙofa. Ina wurin. Da taswirar da na zana da hannuna aka warware ta. Sai dai ba ni na warware ta ba, kuma shekara talatin ke nan wannan ƴar gaskiya tana tsaye mini a maƙogwaro.

A shekarar lakkwal, wato makarantar boko, ta fi zama a rufe da a buɗe. In malamanmu sun dawo daga yajin aiki, manyan ɗalibai su fita nasu, in waɗannan sun dawo, a ce ai hutu ya kusa. Manya suna ƙarƙashin dogon yaro da rediyo a tsakiya, suna gardamar jam'iyyu tun hantsi har azahar, kowa da tutarsa a ƙofar gida, tukunyar ko'ina kuwa iri ɗaya ce wajen rashin nauyi. Mu yara aikinmu na safe sananne ne. In ɗebo ruwa a famfon unguwa har randunan Inna su cika, in zuba wa ragonmu dusa da harawa, in kai wa Baba fura a shagonsa na ɗinki a kasuwa, in tsaya ya aike ni sayen zare in dawo ya ce ba wannan launin ba. Daga nan sai langa, da ƙwallon tsumma, da motocin da muke ƙerawa da waya. Haka muke har aka yi wa Majo canjin wurin aiki daga Yamai zuwa asibitin garinmu, inda shi ne babban mai jinya, ya iso da iyalinsa da firij da tele, da ɗansa Nasiru wanda aka sa ajinmu.

Wani kawun Nasiru da ke karatu a Turai ne ya aiko masa da akwatin wasa mai launin toka, wanda ake haɗawa da tele, da kaset guda ɗaya tak. A cikin kaset ɗin akwai ƙasa sukutum: ƙauye, daji, fadama, tsaunuka, da gidajen dutse masu bene guda biyar cike da dodanni. Akwai wani ɗan ƙaramin jarumi mai takobi da jaka, muka sa masa suna Gajere. Babu wanda ke gaya maka inda za ka. Ka shiga, ka ɓace, a kashe ka, ka dawo da ɗan wayo fiye da na ɗazu. Abin da ake juya Gajere da shi, wanda Nasiru ke kira manet, shi ma ɗaya ne, kuma dokar gidan a fili take: manet na mai shi ne, amma duk wanda ya kawo wani amfani ana ba shi ya riƙe har sai an kashe Gajere sau ɗaya. Yara da yawa sun zo sun cika falon a makon farko. Da suka ga kallo ne ba riƙo, sai suka koma langarsu. Ni na zauna, domin na samo amfanina.

Ni ne na ɗaya a aji, ina karanta Faransancin da mutanen cikin wasan ke yi ba tare da na yi tuntuɓe ba, wannan ɗaya. Na biyu kuma, wanda ya fi, ina da kaye, wato littafin rubutu, sabo fil mai ƙananan gidaje murabba'i, wanda Baba ya saya mini domin lissafi, lissafin kuwa yana yajin aiki. Sai na mai da shi taswira. Duk ɗakin da Gajere ya shiga, gida ɗaya ne a kayena. Ƙofa ɗan layi ja, rami ɗigo baƙi, akwatin dukiya tauraro, wurin da aka kashe mu fiye da sau uku kuwa ƙoƙon kai, wanda na zana da kulawar da ban taɓa ba wa darasin zane ba. Kowane sabon shafi yana jawo mini riƙon manet sau ɗaya. Ina zaune dama da Nasiru a kan tabarma, fensir a kunne, ina cewa gabas, yanzu arewa, kar ka taɓa wannan tulun. Ban taɓa jin girma irin na lokacin ba, har da ranar da aka ba ni takardar shaidar malanta.

A gidan dutse na uku muka cije. A bene na ƙasa, da na gama zana ɗakunan, sai ga gida ɗaya fari a tsakiyar shafin, ɗakuna takwas sun kewaye shi, babu ƙofa ta ko'ina. Na tabbata akwai ɗaki a wurin, kuma na yi alfahari da cewa taswirata ce ta tona shi. Mako biyu muna saran bango. Mun sari na gabas, mun sari na yamma, mun ture gumaka, mun kashe duk abin da ke motsi, mun tsaya shiru a gaban bangon ko zai ji kunya ya buɗe. Nasiru ya fara cewa ko dai na yi kuskuren ƙirga. Na ce masa ni ba na kuskuren ƙirga.

A nan Ibro ya shigo. Ibro taubashina ne, ɗan Gwaggo Haja ta Barmu, ya girme ni da shekara ɗaya, bai taɓa taka lakkwal ba, awakin babansa yake kiwo a kan dutse. Wani kututture ne ya tsaga masa ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa, aka kawo shi gidanmu domin a riƙa wanke masa a asibiti. Da yake taubashi ne yana da lasisin zolayata, kuma bai bar lasisin ya yi ƙura ba. Mushe yake kirana, wato malamin lakkwal, yana jan kalmar kamar yana jan akuya mai gardama. Inna ce ta ce in riƙa tafiya da shi gidan Majo, kada ya zauna shi kaɗai yana ƙirga ƙudaje. Na tafi da shi ina jin kamar mai kai baƙauye ya ga teku.

Kwana biyu yana zaune ya miƙe ƙafa mai bandeji, yana kallonmu. A rana ta uku, wato Alhamis ɗin nan, fanka tana juya iska mai zafi, muna saran bango karo na ɗari, sai ya miƙo hannu ya ce, “Mushe, ba ni takardag ga in gani.” Na ba shi ina murmushi, har ma ya riƙe ta a juye, ban gyara masa ba. Ya daɗe yana kallon farin gidan. Ya buɗe shafi na gaba, inda na zana benen sama, ya ɗaga takardun biyu a haɗe ya duba su ta hasken taga. Sannan ya sa ɗan yatsa a kan ɗigon baƙi, ramin da ke tsakiyar benen sama, wanda muke kewayewa da tsoro tun ranar farko domin mun koyi cewa rami mutuwa ne.

“Wanga ba ɗaki ba na,” in ji shi. “Rumbu na. Ina kuka taɓa ganin rumbu da ƙohwa? Ta bisa ake shiga.”

Na yi dariya, na fara bayyana masa cewa wannan gidan dodanni ne na Turawa, ba bayan gidansu ba ne a Barmu. Nasiru bai tsaya jin ƙarshen bayanina ba. Ya hau da Gajere bene, ya kai shi bakin ramin, ya rufe ido ɗaya, ya tura shi. Tele ta yi baƙi. Da ta dawo, ga Gajere tsaye da ransa a cikin ɗaki mai bango huɗu ba ƙofa, ga babban akwati a gabansa, a ciki akwai takalman da ake tsallake fadama da su. Nasiru ya yi ihun da ya fito da mamarsa daga ɗaki da ludayi a hannu. Ni ma na yi ihu, amma nawa ya makara da kamar daƙiƙa biyu, kuma a cikin daƙiƙa biyun nan ne wani abu ya shiga cikina ya shimfiɗa tabarma.

Ba wai an kore ni ba. Da an kore ni da na samu abin kai ƙara. Abin da ya faru ƙanana ne, kuma na riƙe kowanne. Nasiru ya ɗan gusa domin Ibro ya samu wurin miƙe ƙafa, sai ga shi Ibro ne a dama, ni a hagu, wajen da hasken taga ke ɓata tele. Maman Nasiru ta fara kawo ruwan firij a kofin gilashi ta miƙa wa Ibro tukuna, wai shi ne marar lafiya. Aka ba shi manet, ya riƙe kamar an ba shi jaririn wani, dodo na farko ya kashe shi, ya mayar yana dariya ya ce shi wannan tsalle-tsallen bai dame shi ba. Abin da nake cika shafi guda kafin in samu, shi ya mayar da shi kamar goron da ya bushe. Mafi zafi kuwa ranar da Majo ya dawo cin abinci, Nasiru ya ba shi labarin rumbu, Majo ya dubi Ibro ta saman tabarau ya ce, “Yaron nan da an sa shi lakkwal, da an ga abu.” Ni da aka sa lakkwal ina zaune a wurin, da fensir a kunne, ba a ga komai ba.

Daga baya, da na girma na yi karance-karance, na gane cewa tsara irin waɗannan wurare sana'a ce mai zaman kanta. Masu yin ta sukan nuna maka abu tun kafin ka iya kai gare shi, domin ya zauna maka a rai. Sukan sa fitila inda suke son idonka ya faɗa. Sukan koya maka tsoron rami, sannan wata rana su nemi ka faɗa ciki da gangan. Ibro bai karanta ko ɗaya ba, amma ya riga ni sanin babban abin: cewa akwai mutum a bayan bangon. Ni ina zana abin da ke nan, shi yana tambayar me ya sa aka sa shi. In ya ga dodanni sun yi yawa a wata kusurwa da ba hanya, sai ya ce ba a tara ƙaya haka sai in akwai shuka a baya. In hanya ta miƙe ta mutu a jikin dutse, sai ya ce, “Wanda ya yi wagga hanya ya sha wahala, ba ya yin ta don ta mutu nan. Koma ka duba.” A koma, a samu. Sau bakwai na ƙirga, domin mai hassada ba ya raina lissafi.

A ƙarshen watan Mayu abubuwa biyu suka zo tare. Muka kai gidan dutse na biyar, na ƙarshe, muka tarar da wata babbar ƙofa mai kwaɗo, mabuɗinta kuwa babu shi ko'ina. Sannan takarda ta zo cewa an sake yi wa Majo canjin wurin aiki, zuwa can gabas mai nisa, nan da mako uku. Nasiru ya rantse ba zai bar Tawa ba sai mun ga abin da ke bayan ƙofar, mu uku, domin a can ba shi da mai taswira kuma ba shi da mai rumbu. Haka ya faɗa, kuma na lura da wanda ya ajiye a ƙarshe, wurin da ake ajiye babba.

Wata safiya bayan na dawo daga famfo, ina zaune a zaure ina mayar da zanen jiya cikin tsabta, sai na gan shi. A shafi na goma sha tara, kusurwar arewa maso gabas, ga gida ɗaya fari, ɗakuna sun kewaye shi, ba ƙofa. Mabuɗin yana nan, ban yi shakka ba. Na kuma san abin da zai faru in na kai kayen haka: Ibro zai ɗaga shi ta taga, ya faɗi wata magana ta awaki, a buɗe, a kawo masa ruwan sanyi. Sai na ɗauki fensir na cike gidan da ƙananan layuka, alamar da nake yi wa dutse. Na yi shi da kyau ƙwarai. Shirina mai sauƙi ne. Ƙafar Ibro ta kusa warkewa, kuma Gwaggo Haja ta aiko cewa da zarar ruwan shuka ya sauka a turo shi gida. In ya tafi, sai in sa gom in goge dutsen, in yi kamar yanzu na gano, in samu ranata ni kaɗai kafin motar kaya ta zo.

Ba na jin a tarihin ƙasarmu ta Adar an taɓa samun wanda ya jira ruwan sama da muguwar niyya irin tawa. Da aka fita roƙon ruwa a bayan gari, ina sahun yara, na ɗaga hannu sama da na kowa, har wani tsoho ya shafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka. Kowace rana kuwa muna falo muna kewaya gidan dutsen nan a banza. Nasiru ya daina dariya. Ya fara cizon leɓe, yana dukan manet a cinya, wata rana har ya yi hawaye ya ce fanka ce ta sa masa abu a ido. A ɗaya ɗakin mamarsa tana naɗe kwanuka cikin tsofaffin jaridu. Ibro ya karɓi kayen ya bi shi shafi shafi, ya tsaya a na goma sha tara, ya sa yatsa daidai wurin.

“Nan mi na, Mushe?”

“Dutse na,” na ce, ina kallon tele.

Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ce, “To, ai kai ka san takardarka.” Ya mayar mini. Da ya zolaye ni da ya fi mini sauƙi.

Ruwan ya zo saura kwana biyar su Nasiru su tashi, da la'asar, da iskar da ta kwashe rufin shagon Baba ta kai shi layin mahauta. Gari ya yi ƙamshin ƙasa, mata suna guɗa, yara suna tsalle tsirara a kwata. Washegari da sassafe Ibro ya ɗaure kayansa a ɗankwali, ya hau motar kasuwa, ya leƙo ya ce mini, “Mushe, in kun buɗe ka aiko mini labari.” Ban jira ƙurar motar ta kwanta ba na ruga gida, na goge dutsen, na ruga gidan Majo. Na tarar da Nasiru zaune a dakali. Iskar jiya ta kayar da turakun wuta na unguwarmu. Babu wuta ranar, babu washegari, babu ranar da ta biyo. Na riƙa zuwa ina kallon masu gyara, har na riƙe musu tsani ba su roƙe ni ba. A rana ta huɗu aka sa tele cikin kwalinta aka ɗaure da igiya.

Da ake loda kaya ne na kasa riƙewa, na buɗe wa Nasiru shafin. Gogen bai fita sarai ba, inuwar layukan tana nan. Nasiru ba wawa ba ne. Ya dubi wurin ya ce, “Tun yaushe?” Na ce kwana goma sha biyu. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Da ka nuna wa Ibro, da mun gama.” Ya hau bayan mota ya zauna tsakanin firij da katifu, ya juya fuskarsa wajen gabas. Ban sake ganinsa ba. Wuta ta dawo da yammacin ranar.

Yau ni malamin labarin ƙasa ne, ina sa yara zana taswira, ina rage musu maki in sun manta da alamar arewa. Ƴaƴana suna irin waɗannan wasanni a waya, amma nasu da taswira a kusurwa tun daga farko, da wata kibiya mai nuna musu inda za su, in sun cije minti biyu su tambayi intanet. Ba na ce nasu ya fi namu muni ba. Sai dai ba su san zaman mako biyu a gaban bango ɗaya ba, mutum uku a tabarma ɗaya, da yadda ƙasar da ke cikin kaset take faɗaɗa saboda babu wanda ya san iyakarta. Ibro yana Barmu, da furfura a gemu da rumbuna huɗu. Da na je wani suna na tuna masa, na ma nemi gafararsa a kaikaice. Ya yi tunani ya ce ya tuna ciwon ƙafar, ya tuna ruwan sanyi, amma wasan bai tuna ba. Na dawo gida ina jin haushin wannan ma, domin ko mantuwa ya fi ni iyawa.

Kayen yana nan. Shekara talatin ina ɗauke da ɗakin nan a kaina, na sha ƙawata shi, na sa masa akwatin zinariya da mabuɗi a ciki, na ɗora masa abotar da na rasa. Bara ƴata Hadiza ta ga ina kallon shafin, ta tambaya, na ba ta labari. Ba ta yi minti biyar ba ta fito mini da cikakkiyar taswirar wasan a wayarta. Mabuɗin, in ji ta, yana hannun wata tsohuwa a ƙauyen farko, wadda muka daina yi wa magana tun makon farko domin ni na ce maganarta ɗaya ce kullum. Na ce to, ɗakin fa? Muka ajiye wayar kusa da shafi na goma sha tara, muka bi gida gida, ita da yatsa ni da fensir, har sau uku.

Babu ɗaki a wurin. Layi ɗaya na tsallake wajen ƙirga.